Wa Ya Yi Miki Wannan Kitson?

Akwai wata mai kitso da mutanen unguwarsu ke kira Hannun Sanyi. Za ta kama kanki tun daga goshi har ƙeya ba ki ce wash ba, wasu ma barci suke yi a cinyarta. Shagonta ɗan ƙarami ne, a jikin gidan hayar da suke zaune, ƙofarsa tana kallon titi. Abin da ke ciki bai wuce madubi mai tsagewa a gefe ba, da kujera 'yar tsugunne, da tabarma, da gwangwanin madara da take zuba mataji da kibiya.

Mijinta makaniki ne, mutum mai ƙarancin magana wanda baƙin mai bai taɓa barin faratansa ba. Su biyun masu bin Yesu ne. A garin nan an rufe ɗakin sujadarsu, an kuma hana masu bi taruwa sai da izini, izinin kuwa kullum sai a ce a dawo gobe.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, makanikin ya ce ai falonsu yana da faɗi in an jingine kujeru. Tun daga nan, ran Lahadi da safe 'yan'uwa sukan shigo ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa gaisuwa. Su yi addu'a, su rera waƙa ƙasa-ƙasa, su sha shayi, su watse.

Wata Lahadi, an watse ke nan ba a ko kwashe kofuna ba, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani jami'i mai farin gilashi ya shigo da mutanensa. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi tiren da ke tsakiyar falo cike da kofuna, ya ce, “Ku biyu kuka sha duk wannan?”

Makanikin ya ce, “Baƙi na yi, ranka ya daɗe.”

“Su wane ne baƙin?”

Makanikin ya yi shiru. Da shirun nan suka tafi da shi, takalmi ma ƙafa ɗaya kawai ya samu sakawa.

Washegari Hannun Sanyi ta bi sawu har ofishinsu. Mai Gilashi ya ba ta kujera, ya yi mata magana da taushin murya, irin taushin da ya fi tsawa ban tsoro.

“Baiwar Allah, mijinki ba shi muke so ba. Sunayen masu zuwa gidanku kawai muke so. Shi ya ƙi faɗa. Ke kuwa mai kitso ce, babu matar da ba ki san kanta ba, kin kuma san mijin kowace. Ranar da kika faɗa, ranar zai kwana a gida.”

Ta ce ba ta san komai ba. Ya yi murmushi, ya ce ƙofarsa a buɗe take.

Daga ranar wani mutum ya fara zama a bencin mai facin taya, daidai tsallaken shagonta, da jarida a hannu. Jaridar nan ba a taɓa ganin ya juya shafinta ba. Kowa ya gane aikinsa, kowa kuma ya kama kansa.

Masu zuwa kitso suka ɗauke ƙafa. Wannan bai yi mata zafi sosai ba, don ba ta da haƙƙi a kansu. Abin da ya ci mata rai shi ne 'yan'uwan nan da suka sha shayinta, waɗanda mijinta yake shan duka don ya rufa musu asiri. Ko ɗaya bai leƙo ba.

Cikinsu akwai shugabar matan, wadda suke kira Mama Shugaba. Mace ce mai jiki da murya, mijinta babban ɗan kasuwa. Ita ce mai zama a gaba, ita ce mai cewa ko da wuƙa a wuya ba za ta musunci Ubangijinta ba. To, wuƙar ba ta ma iso ba, jarida kawai aka nuna mata daga nesa.

Sau ɗaya ta kira, shi ma da wayar wani. Ta ce, “'Yar'uwa, ki yi haƙuri. Muna tare da ke a ruhu.” Kafin Hannun Sanyi ta buɗe baki an kashe.

Da suka yi kiciɓis a kasuwa kuwa, Mama Shugaba ta juya da sauri ta hau cinikin bokitin da ba ta da niyyar saye. Ni dai da aka ba ni labarin nan, a nan wurin raina ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna sai ya sake ɓaci.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Mai kitso ba ta iya yi wa kanta kitso mai kyau, don hannu ba ya ganin ƙeya. Matan nan su ne suke yi mata nata, yau wannan, wani lokacin waccan, suna yi tana gyara musu hannu suna dariya. Da suka daina zuwa, kitson da ke kanta ya tsufa, ya tashi, ya cukurkuɗe. Ba ta da ƙarfin zuciyar tsefe shi. Sai ta ɗaure da ɗankwali, ta daina kallon madubi.

Da aka bar ta ta ga mijin karon farko, da ƙyar ta gane shi. Idonsa ɗaya a kumbure, yana tari mai fitowa daga can cikin ƙirji. Bai tambayi gida ba, bai tambayi garejinsa ba. Ya matso kusa da ƙarfen da ke tsakaninsu ya ce a hankali, “'Yan'uwa fa? Suna zuwa wurinki?”

Ta ce, “Suna gaishe ka.”

Fuskarsa ta yi haske, ya ce, “To, na gode wa Allah. In dai ba ke kaɗai ba ce, zan iya.”

Ƙaryar nan ta bi ta har gida. Ta zauna a falon da ya saba cika da waƙa, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta yi ƙoƙarin yin addu'a, kalma ɗaya ta kasa fita.

Ana nan sai yayanta ya zo daga wani gari. Ya ga shago babu kowa, ya ga tukunya a kife, ya ga yadda ƙanwarsa ta rame. Ransa ya ɓaci.

“Ke, tsaya ki ji. Wa kike rufa wa asiri? Ina suke? Nuna mini ko takalmin mutum ɗaya a ƙofar nan.”

“Yaya, tsoro suke ji.”

“Ke dutse ce da ba kya jin tsoro? Tarin nan da kika ce yana yi, kina jira sai ya kashe shi? Su suna can suna kwana da mazajensu. Buɗe baki kawai za ki yi. Allah ma ya ga zuciyarki.”

“Shi fa ya ƙi faɗa, Yaya.”

“Shi ya ƙi. Ke ba ki yi wa kowa alkawari ba.”

Yayan ba mugu ba ne, ciwon ƙanwarsa ne ya sa shi magana. Kuma maganar ta samu wurin zama, don dama zuciyarta ta daɗe tana faɗa mata haka. Bayan ya tafi, ta riƙa jera sunayen a ranta. Na Mama Shugaba ta sa a farko.

Da gari ya waye ta yi wanka, ta sa takalminta na fita, ta ɗaura ɗankwali ta ja shi har goshi. Ta shiga shago ɗaukar jakarta. Tana juyowa ta ga mutum ya tare ƙofa.

Wata tsohuwa ce cikin 'yan'uwa, wadda kowa ke kira Gwaggo. Da can shara take yi a kasuwa, yanzu ƙafa ta hana. A wurin sujada can baya take zama, tana rera waƙa tana saɓa wa kowa. Ta dogara sandarta, ta ja kujera 'yar tsugunne ta dasa a bakin ƙofa, inda mai jarida zai gan ta sarai, ta zauna da nishi.

“Kitso na zo.”

Hannun Sanyi ta yi tsaye. “Gwaggo, fita zan yi.”

“Na ga takalmin. Fitar ba za ta gudu ba. Kama mini kan nan.”

Gwaggo ta zare ɗankwalinta. Abin da ke kan bai wuce 'yar furfura a gefe da gefe ba, tsakiya kuwa fayau. Duk da baƙin cikin da take ciki, saura kaɗan Hannun Sanyi ta yi dariya.

“Haba Gwaggo, me zan kitsa a nan?”

“Abin da Allah ya rage. Ke ba gwana ba ce?”

Babu yadda ta iya, ta zauna ta ɗauki kibiya. Tana tsaga furfurar sai yatsanta ya faɗa wani tabo mai zurfi a bayan kunne, dogo har kusan ƙeya. Mai kitso ta san kan mutane, ta san wannan ba na faɗuwa ba ne.

“Me ya same ki a nan?”

“Wannan? Tun ba a haife ki ba. A wani gari ne. An zo ɗaukar maigidana saboda sunan Yesu, na riƙe masa riga.”

“Ya dawo?”

“Bai dawo ba.”

Hannun Sanyi ta tsayar da kibiyar cak. Zuciyarta ta tafasa, ta ce, “To me kika zo faɗa mini? In yi haƙuri?”

“A'a, 'yata. Haƙuri an ba ni shi a lokacin har na rasa wurin ajiyewa. Kowa ya aiko da nasa, babu wanda ya kawo da ƙafarsa. Rashin maigidana ya yi mini ciwo, amma zaman ni kaɗai shi ya kusa raba ni da Ubangiji. Na ce in na rayu ba zan bar wata ta yi irin zaman nan ba. Ga shi kuma na makara. Ƙafar nan ce ta hana ni.” Sai ta ƙara da cewa, “Da tsoro kuma, kada in ɗora wa ƙafa laifi ita kaɗai.”

Hannun Sanyi ta ce, “Kin san inda za ni?”

“Na sani. Matar da ta sa takalmin fita da ido irin naki, ba kasuwa za ta ba. Ban zo hana ki ba, ba ni da ƙarfin riƙe ki. Amma in za ki faɗa, ki fara da nawa. Ga ni ma na kawo kaina wancan mai karatun ya gani, na rage miki aiki.”

Sai Gwaggo ta miƙa hannu ta baya ta fizge wa Hannun Sanyi ɗankwali. Tsohuwar ta ga abin da ke ƙasa, ta kama baki.

“Wayyo, mun yi laifi. Mai gyara kan kowa! Tashi, zauna a ƙasa.”

Suka sauya wuri. Gwaggo ta shafa mai ta fara tsifa. Hannunta ba na sanyi ba ne, ga rawa ga ja, gashin kuma ya dunƙule. Hannun Sanyi ta fara hawaye saboda zafi, daga nan kukan ya zama na wani abu dabam. Ta kifa kai a gwiwar tsohuwar tana cewa, “Gwaggo, zai mutu a can. Na gaji. Ko addu'a ba na iya yi.”

“Bar ta, ni zan yi miki yau. Ubangijinmu ya san wannan zafin, shi ma abokansa sun watse sun bar shi a ranar wuya. Kuma da ya ga muna shan wahala bai aiko da saƙo daga sama ba, da kansa ya zo.”

Aka gama tsifa, aka zo kitso, sai aiki ya tsaya. Kitso sili uku ne, yatsun Gwaggo kuwa biyu kawai suke iya riƙewa. Ta kama wannan, wancan ya zame. Ta yi ta yi, ya ƙi.

Ana cikin haka sai ga Mama Shugaba ta dawo daga kasuwa. Kamar yadda ta saba tun da abin ya faru, ta tsallaka can ɗaya gefen titin, kanta a ƙasa. Gwaggo ta hango ta. Ta buɗe muryar nan tata mai saɓa wa kowa.

“Mama Shugaba! Ke nake kira! A ruhu ba a riƙe gashi. Zo da hannunki!”

Mai facin taya ya ajiye abin da ke hannunsa. Mai jarida ya sauke jaridarsa, karon farko aka ga fuskarsa duka. Mama Shugaba ta tsaya daidai gabansa, da jakar cefane a hannunta. Ta dube shi, ta dubi shagon. Ta ga matar da take gudu zaune a ƙasa, kai a tsefe, ido a kumbure.

Ta yi taku kamar za ta wuce. Sai ta juyo, ta tsallako titin.

Ta ajiye jakar, ta durƙusa a tabarma da tsadadden zaninta. Muryar nan mai cika falo ta koma 'yar ƙarama. “'Yar'uwa, na ji tsoro. Ba ni da wata hujja.”

Hannun Sanyi ba ta sassauta mata ba. “Ni ma na ji tsoro, Mama. Sai dai ni ba ni da wani gefen titi da zan tsallaka. Kin san sunanki na sa a farko?”

Mama Shugaba ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga. “Da kin faɗa, ban isa in ga laifinki ba.”

Gwaggo ta ce, “Ku yi kukan hannu na aiki. Riƙe nan.”

Labari ba ya kwana a unguwa. Kafin rana ta take, wata 'yar'uwa ta zo, ta tsaya daga nesa, sannan ta shigo. Wata ta biyo da ƙullin shinkafa. Wata ta zo ta ga mai jarida ta koma, can kuma ta dawo da ƙanwarta. Har maƙwabciyarta da ba addininsu ɗaya ba ta kawo ruwan sanyi, ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, a matsa mata ita ma ta yi layi ɗaya. Ba duka suka zo ba, wasu har yau ba su zo ba. Amma kowace da ta zo sai da ta kama layinta.

Da aka gama suka miƙa mata madubi. Kai, ba a taɓa fitar da kitso mai muni irin wannan daga shagon nan ba. Wani layin kauri, wani siriri, wani ya tashi daga goshi ya nufi kunne. Hannun Sanyi ta daɗe tana kallo. Gwaggo ta sa hannu a kan, ta yi gajeriyar addu'a cikin sunan Yesu, aka amsa ƙasa-ƙasa.

Sai Hannun Sanyi ta miƙe ta ɗauki jakarta. Kowa a shagon ya san inda za ta, kuma babu wanda ya san abin da za ta faɗa. Mama Shugaba ta miƙo mata ɗankwali. Ta ce a bar shi.

A ofis Mai Gilashi ya tarbe ta da murmushinsa. “Kin zo da abin da muka yi magana?”

“Na zo ganin mijina, ranka ya daɗe.”

Ya sa aka fito da shi, shi kuma ya tsaya kusa don kada kalma ta wuce shi. Makanikin ya ƙara ramewa, yana dafa bango. Ya ɗaga ido ya ga kan matarsa, ya yi turus. Mutumin da ya yi shekaru da mai kitso ya san aikin gwani, ya kuma san matarsa ba ta yi wa kanta.

“Wa ya yi miki wannan kitson?”

Mai Gilashi ya matso.

Ta dubi mijinta ta ce, “Haba maigida. Kai da ka sha duka ba ka faɗi suna ba, ni za ka sa in faɗa?”

Makanikin ya bi layukan da ido ɗaya bayan ɗaya, kowane layi da hannunsa dabam. Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma hawaye. Ta kama yatsunsa ta tsakanin ƙarfe ta ce, “Wancan karon da na ce suna gaishe ka, babu wanda ya aiko ni. Yau ga gaisuwar, na ɗauko ta a kaina.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba a sake shi ranar ba. An kira Gwaggo an yini ana yi mata tambayoyi. Mijin Mama Shugaba ya rasa manyan abokan ciniki. Mai jarida ya ga fuskoki, sai dai babu dokar da ta hana mata yin kitso. Sai da aka daɗe kafin su gaji su sallami makanikin, kuma tarin nan bai rabu da shi ba har yau. Suna ko ɗaya bai fito daga gidan ba.

Kitson kuwa ta bar shi a kanta har ya tsufa. Duk wadda ta ce ta zo a tsefe mata wannan abin kunya, sai ta ce a ƙyale mata kayanta.

Darasi: Zumunta a ƙafa take. Idan ɗan'uwanka yana shan wahala saboda bangaskiyarsa, kada ka tsaya a “muna tare da kai” daga nesa. Yi masa addu'a, sannan ka tashi ka je, ko da tsoro a zuciyarka, ko da abin da za ka iya bai wuce riƙe sili ɗaya ba. Sau da yawa ba duka ke karya mai bi ba, kaɗaici ne. Ka tura labarin nan ga wanda yake zaune shi kaɗai yau, in kuma gidansa yana kusa, kai masa da ƙafarka.